Rasuwar Gwaggo, Motar 'Yan Makaranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki ake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da iyayen yara rasuwar Gwaggo, tsohuwar motar nan mai ruwan ƙasa da ke kai yaran unguwa makaranta. Ta cika ranar Laraba da safe a gangaren babbar gada, bayan doguwar jinya a hannun makanikin da bai taɓa yarda cewa ba ta da lafiya ba. Mai ita, wanda yara ke kira Kawu Direba, shi ya kamata ya yi wannan sanarwa da bakinsa. To amma tun ranar ba ya iya haɗa magana biyu ba tare da ya ja tsaki ba, shi ya sa aka yi a madadinsa.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kuma ba za a yi mata ƙarya don ta mutu ba. Ƙofarta ta baya sai an buɗe daga waje. Kujerar tsakiya ta lotsa, soson ya leƙo, yara sun gama tsinke shi da farce. Cikinta kullum warin ɓawon lemo da safar da ta kwana a jaka. Amma a duk shekarun da ta yi tana aiki ba ta taɓa barin ɗan kowa a bakin titi ba. Ta san ƙofar da ake jira, ta san gidan da uwa ke fitowa da gudu riƙe da takalmi ɗaya, ta san ramin da ake kauce wa a gaban shagon mai walda. An yi amai a cikinta, an yi kuka, an yi dambe a kan wurin taga, an haddace karatun jarrabawa a guje, duk ta ɗauka ba ta ce uffan ba. Yaran ne suka raɗa mata suna, wai don tana da faɗin baya kuma ba ta sauri.

Ga Kawu Direba kuwa ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Ba shi da wata sana'a, ba shi da wata motar. Abin da iyayen yara ke ba shi a ƙarshen wata da shi ake ɗora tukunya a gidansa, kuma ya san sarai cewa ranar da Gwaggo ta kwanta, tukunyar ma ta kwanta.

Ta rasu ta bar shi, shi da maiɗakinsa da 'yan biyunsu. Ta bar yaran mutane cike da kujeru, waɗanda yanzu aka rarraba su a motocin wasu. Ta bar safayar taya mai sanƙo, da jak, da jarkar ruwa. Ta bar matattun bel na inji rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki, waɗanda za a zo kansu nan gaba. Ta kuma bar likitanta, Yaya Makaniki, wan matar Kawu Direba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya aiko musamman cewa kada a manta da shi a cikin masu makoki. Ba a manta da shi ba. Wallahi ba za a taɓa mantawa da shi ba.

Sai an san wane ne Yaya kafin a gane ciwon Gwaggo. Da mahaifinsu ya rasu, shi ya riƙe ƙanwarsa, shi ya ciyar da ita, shi ya ba Kawu Direba aurenta. Garejinsa shi ne babba a layin makanikai, rabin masu gyaran layin a hannunsa suka koya. Bai taɓa karɓar ladan aiki a kan Gwaggo ba. In Kawu Direba ya sa hannu a aljihu sai ya ɗaure fuska ya ce, "Kai ƙanina, zagina za ka yi?" Aikin kyauta kuwa kowa ya san sharrinsa: ba ka da bakin cewa bai yi ba.

Ciwon ya faro ne daga ranar da injin cajin batir ya mutu, Yaya ya sa mata wani. Bel ɗin Gwaggo guda ne, shi ke zagaya faifan ƙarfen nan da ake kira fuli, yana juya injin caji, yana juya famfon ruwan da ke sanyaya inji. Da Yaya ya gama ɗaurewa yana goge hannu, sai Kawu Direba ya hango wata washa, wani zoben ƙarfe mai kauri, kwance a kan kwalin da aka zuba notuna.

Ya ce, "Yaya, wannan fa? Kamar daga ciki ta fito."

Yaya ya dube ta a wulaƙance. "Ƙari ce. Masu ƙera mota haka suke, sai su cusa abu don kawai a ce sun yi aiki." Ya sa ƙafa ya shure ta ƙarƙashin benci. Sannan ya ɗauko ɗan gwangwanin fentinsa mai ruwan ɗorawa ya ɗiga a kan kowane noti da ya ɗaure. Al'adarsa ce. Duk notin da ya taɓa sai ya yi masa wannan tambarin, don in wani ya kwance a bayansa ya gane.

Ba a rufa mako ba marigayiya ta fara magana. Da sanyin safiya in an tashe ta sai a ji cik-cik-cik-cik, kamar ɗan tsako ya maƙale a cikin bonet. Yara suka ɗauka abin wasa ne, suna bin ta da tafi. Daga baya kukan ya girma, in aka kunna fitila ko aka karya kan mota sai ta saki ƙiiiii mai tsawo, har masu shago su ɗago kai. Kawu Direba ya mayar da ita gareji. Yaya ya ce bel ne ya saki, ya ƙara masa ɗauri. Ta yi shiru kwana biyu ta dawo. Ya ce bel ɗin ya tsufa, aka sa sabo. Sabon ma ya fara. Ya ce jabu ne, kayan yanzu duk jabu ne, aka sayo wani daga wani shagon. Da wannan ma ya soma kuka, sai Yaya ya aika aka kawo masa sabulun wanki, ya tashi injin, ya manna sabulun a jikin bel yana juyawa. Nan take kukan ya ɗauke.

Ya ce, "Ka ji ko? Shagwaɓa ce kawai irin ta tsofaffi. Ka ajiye sabulun a mota, in ta fara ka shafa mata."

Jama'a, mara lafiya na nishi, likita ya toshe masa baki ya ce ya warke. Haka aka yi ta yi wata da watanni, an bar jaki ana dukan taiki.

Kawu Direba ba makaniki ba ne, amma ya tsufa a bayan sitiyari, kuma mutum ne da ba ya yar da abu. Kowane bel da aka cire sai ya kawo shi gida ya rataye. Wata Asabar ya sauke su duka ya jera a tsakar gida, ya tsuguna a kansu. Bel ɗin da tsufa ya kashe ya san kamanninsa: yakan tsattsage ko'ina, ya yi ƙyalli, ya bushe kamar tsohuwar fata. Waɗannan ba haka suke ba. Jikinsu sabo fil, amma gefe ɗaya a cinye, zare ya fito buzu-buzu, kuma kowannensu gefen nan ɗaya ne, wanda ke kallon inji. Ya buɗe bonet ya shafa ƙarƙashin injin caji, yatsansa ya fito baƙi ƙirin da garin roba. Ya tashi motar ya ɗan yayyafa wa bel ruwa. Ya san bel mai sako-sako in ya ji ruwa ƙara ihu yake yi. Wannan sai ya yi tsit na ɗan lokaci, ruwan na bushewa cik-cik ɗin ya dawo.

Ya kashe injin. A ƙarƙashin kujera akwai wata doguwar rular ƙarfe da wani yaro ya manta. Ya ɗora ta a fuskar babban fuli, ya miƙa ta zuwa fulin injin caji. Da lafiya, da rular ta kwanta a kan duka biyun lif. Ba ta kwanta ba. Fulin cajin ya noƙe ciki, tsakaninsa da rular akwai tazara, kuma da ya ƙura wa tazarar ido sai ya ga kaurin washar nan da aka shure ƙarƙashin benci, ba ƙari ba ragi. Ashe tun ranar bel ɗin a karkace yake gudu, yana goga gefensa a bakin ƙarfe, yana cin kansa da kansa. Ruwa ba ya tsami banza. Ya daɗe tsaye riƙe da rular, ransa na tafasa.

Ranar Litinin bayan ya sauke yara ya wuce gareji da maganar a bakinsa. Ya tarar da Yaya zaune a kan benci, masu motoci kewaye da shi, ana hira ana dariya. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya sassauta murya.

"Yaya, na ce ko dai fulin nan na caji bai zauna daidai ba? Na ɗan gwada da rula sai na ga kamar..."

"Da me?"

"Da rula."

Yaya ya juya ga mutanensa. "Kun ji fa. Rular 'yan makaranta. Gobe kuma da fensir zai zo ya koya mini ɗaurin noti." Aka kwashe da dariya. Ya dafa kafaɗar Kawu Direba, fuskarsa na murmushi amma hannun da nauyi. "Ƙanina, ina wannan aikin tun matarka tana goye a bayan tsohuwarmu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kai dai ka rage taka mota kamar kana jin haushinta. Ya ƙanwar tawa?"

Kawu Direba ya ce tana lafiya. Ya yi godiya, ya ja motarsa ya fita. Wanzami dai ba ya son jarfa, wannan tsohon zance ne.

Kada wani ya ce bai nemi wata hanya ba. Ya kai ta wurin wani makaniki a can ƙarshen layi. Mutumin yana ɗaga bonet ya ga ɗigon fenti mai ruwan ɗorawa, ya sauke shi a hankali kamar ya ga maciji. Ya ce, "Motar surukin maigidanmu? Ka rufa mini asiri, malam. A hannunsa na koyi riƙon sifana. In na kwance notinsa, da wane ido zan dube shi?" Na gaba da shi ma haka ya ce. Kawu Direba ya yi tunanin ya sayi washa ya sa da kansa, aikin da bai fi a sha shayi a tashi ba. Sai ya tuna fentin. Yaya zai gani, zai je gidan ƙanwarsa ya zauna ya ce mijinta ya raina shi, ya ci amanar zumunci. Ita kuwa har ƙasa take durƙusawa ta gaida wan nan nata, shi ne uwa shi ne uba. Duk ranar da mijin ya dawo daga gareji takan tambaye shi, "Yaya ya gyara?" Shi kuma ya ce, "Ya gyara." Bai taɓa ce mata komai ba, don kada ya sa ta tsakanin miji da ɗan'uwa. Ya yanke a ransa cewa in an yi hutun makaranta zai kai Gwaggo wani gari mai nisa a gyara, in ya so ya nemi fenti irin na Yaya ya ɗiga. Kafin nan, sabulu.

Gwaggo ba ta ga hutu ba. Ranar Laraba, cike da yara, ta hau babbar gada, wadda ba ta da gefen tsayawa, manyan motoci na bi ta kanta kamar an kore su. Suna tsakiya sai aka ji fat! sannan faf-faf-faf a cikin bonet, sannan shiru. Jar fitilar batir ta kama. Kawu Direba bai buƙaci a gaya masa ba: bel ya tsinke, famfon ruwa ya tsaya, injin ya fara dafa kansa. Allurar zafi ta soma hawa yana kallonta. Ya san ƙa'ida, kowane direba ya sani, a nan take ake kashe mota. Ya dubi madubi, ya ga tirela a bayansa ta cika madubin, ya ga kawunan yaran mutane. Gaba kura, baya sayaki. In ya tsaya ya ceci injin, in ya wuce ya ceci yara.

Ya ce, "Kowa ya zauna. Kada wanda ya motsa."

Ya ci gaba da tafiya. Allurar ta shige ja, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, wani wari ya cika motar, ƙananan suka fara kuka. Yana ta magana ƙasa-ƙasa, ba da yaran ba: "Yi haƙuri, Gwaggo. Saura kaɗan. Yi haƙuri." Ta kai su. Ta gangara daga gadar, ta shiga filin da ke gaban gidan mai, ta yi ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ, ta girgiza sau ɗaya, ta tsaya. Ya fito ya buɗe wa yaran ƙofa daga waje, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ko ƙwarzane ya yi. Da ya murɗa makulli daga baya, ko tari ba ta yi ba. Injin ya ƙone ya manne, gyaransa ya fi ƙarfin motar, ya fi ƙarfin mai ita.

Yaya ya iso da rana, ya leƙa, ya girgiza kai a gaban mutanen da suka taru. Ya ce, "Kash! Direba ya ga allura ta hau bai tsaya ba, me kuke so makaniki ya yi? Tun yaushe nake ce masa ya rage taka ta." Haka maganar ta zaga unguwa kafin la'asar. Iyayen da aka ceci 'ya'yansu, wasu sun zo sun yi godiya, wasu ko sannu, sai dai aka ji sun yi magana da wani direban. Ba a zarge su ba, yara ba za su zauna a gida ba. Amma abin da ciwo, kuma Kawu Direba ya ji ciwonsa har cikin ƙashi.

Washegari da yamma maiɗakinsa ta same shi a tsakar gida, ya sake jera matattun bel ɗin a gabansa, har da na ƙarshen mai tsinkakken baki. Ta ajiye masa ruwa ta tsaya a kansa.

"Baban 'yan biyu, wai me kake nema a jikin robobin nan?"

Ya yi niyyar ya ce ba komai. Bakinsa ya saba. Amma babu sauran abin da zai kare, sai ya gaya mata duka, tun daga washar har dariyar gareji. Ya gama ya sunkuyar da kai yana jiran ta kare ɗan'uwanta.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"An daɗe."

"Ka sani, kullum ina tambayarka kana ce mini ya gyara?"

"Yayanki ne. Ban so in..."

Ta tafa hannu. "Innalillahi! Don ni ka yi shiru? Keken ɗinkina da kake gani a rufe da zane, wa kake tsammani ya kashe shi? Rediyon tsohuwarmu fa? Tun muna yara Yaya bai taɓa kwance abu ya mayar bai bar saura a ƙasa ba. Duk gidanmu mun sani! Ni na ga kana girmama shi, kana kai masa motar, na ce bari in ja bakina kada in zubar da mutuncin gidanmu a idonka. Ashe kai kana can kana jin kunyata, ni ina nan ina jin kunyarka, abincinmu yana ƙonewa a tsakani." Ta zauna daɓas a bakin ƙofa. "Da kalma ɗaya ka faɗa mini, wallahi da ni zan shiga ƙarƙashin bencin nan in ɗauko washar."

Kawu Direba ya fara tattara matattun bel ɗin. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Jin kunyar mara kunya asara ne, ya sha jin haka tun yana yaro, amma bai taɓa zaton shi za a yi wa karatun da gawar motarsa ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya amince zai karɓi marigayiya ranar Asabar da hantsi, a filinsa da ke bayan layin makanikai. Ba za a yi zaman makoki ba, domin ranar Litinin Kawu Direba zai fita neman motar wani da zai tuƙa. Masu zuwa jaje za su iya cewa Allah ya mayar da alheri. Ana roƙon kada kowa ya ce masa ya yi haƙuri, ya yi wanda ya ishe shi.

Yaya Makaniki ya aiko cewa zai ba da motar janwe kyauta. An gode, an mayar masa da abarsa. Da hannu za a tura Gwaggo daga gidan mai, kuma ana neman maza masu ƙarfin kafaɗa. Kawu Direba zai kasance a baya tare da masu turi. Maiɗakinsa ce za ta riƙe sitiyari. Ba ta iya tuƙi ba, amma ta ce gawa ba ta buƙatar gwani, a nuna mata birki kawai. Akwai gajeriyar hanya ta bayan kasuwa, ta ce ba ta nan za a bi ba. Ta layin makanikai za a bi, a tsakiyar rana, lokacin da kowa ke bakin aikinsa, kuma daidai ƙofar babban gareji za ta taka birkin. Ta ce ba za ta ɗaga murya ba, wanta ne, shi ya raine ta. Za ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta zauna a inda take har sai ya fito ya sa kafaɗarsa ya tura tare da kowa.

Masu turi su taho da ruwan sha da abin kare rana, domin ba a san lokacin da zai fito ba.